Daga gona da otal zuwa majalisa: yadda matan Latina suka kai gaba a Amurka

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce shekararki biyu ke nan a Bronx kina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma duk taron ƙungiyar ma'aikata da kika leƙa, mata masu jin Sifaniyanci ne riƙe da lasifika, su ne a teburin gaba, su ne ɗan takara ke zuwa gaisarwa idan zaɓe ya matso. Kina so ki san yadda suka kai nan alhali su ma baƙi ne, sannan kina tambaya ko wadda takardunta ba su cika ba tana iya shiga ƙungiya. Na daɗe ina koyar da tarihin ƙwadago a ƙasar nan, kafin wannan kuma na yi wa ma'aikata tafinta, don haka ki gyara zama, zancen yana da tsawo.

Bari in fara gyara miki abu ɗaya. Ba dukansu ne baƙi ba. Latina ana nufin macen da asalinta ya fito daga Latin Amurka, kamar Meksiko, Kyuba, Gwatamala, Jamhuriyar Dominika ko Puerto Rico. Amma Teksas da Kalifoniya da New Mexico duk ƙasar Meksiko ne a da, sai bayan yaƙin da ya ƙare a 1848 iyaka ta koma kusan inda take yanzu. Akwai iyalan da ba su tsallaka iyaka ba, iyakar ce ta tsallake su. Mutanen Puerto Rico kuma 'yan ƙasa ne tun 1917. A ƙidayar 2020 al'ummar duka ta haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar.

Tushen abin da kike gani yana cikin wata doka ta 1935, wadda ta bai wa ma'aikacin Amurka 'yancin kafa ƙungiya, ta kuma tilasta wa mai kamfani ya zauna da ita a yi ciniki. Doka ce mai kyau, sai dai an cire mutum iri biyu daga cikinta: leburan gona da 'yan aikin gida. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 ma haka ta tsallake su. 'Yan majalisar jihohin kudu ne suka matsa a yi hakan, domin a can baƙar fata ne ke waɗannan ayyuka. To a yammacin ƙasar wa ke yin su? 'Yan Meksiko da 'yan Filifin, da matansu da 'ya'yansu. Ma'aikacin kamfanin mota a Detroit in an zalunce shi yana da hukumar da zai kai ƙara. Mai tsinkar inabi ba ta da ita. Dole ta nemi wata hanya, kuma hanyar ita ce bin gida-gida, da jan hankalin mai saye a kasuwa, da ƙuri'a. A ganina duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Na farkonsu sun sha wuya ƙwarai. A San Antonio ta Teksas akwai sana'ar fasa wani ɗan itace mai taurin ɓawo da ake kira pecan, cikinsa kamar gyaɗa. Mata ne akasari ke yi, a ɗakuna marasa iska, ƙurar ɓawon tana shiga huhu, tarin fuka yana kwasar mutane. A watan Janairun 1938 aka rage musu lada daga senti 6 ko 7 kowace laba zuwa 5 ko 6, sai kimanin mutum 12,000 suka ajiye aiki. Wadda suka ɗora a gaba, Emma Tenayuca, shekararta 21. An watsa musu barkonon tsohuwa, an cika gidan yari da su, daga bisani aka yi sulhu aka ɗan ƙara musu. Ba a jima ba masu kamfanonin suka kawo injina, dubbai suka rasa aikin baki ɗaya. Ita kuma Emma, da yake 'yar jam'iyyar kwaminis ce, a 1939 dubban mutane suka far wa zauren da za ta yi taro, aka sa sunanta cikin waɗanda ba za a ɗauka aiki ba, sai da ta bar garin. Ta dawo bayan shekaru masu yawa ta zama malamar makaranta, ta rasu a 1999.

Luisa Moreno kuwa 'yar masu kuɗi ce a Gwatamala, ta bar daula ta zo New York a 1928 ta zauna kan keken ɗinki a Harlem. Ta haɗa kan masu naɗa sigari a Florida da matan kamfanonin gwangwani a Kalifoniya, har ta zama mataimakiyar shugaban ƙungiyarsu ta ƙasa. A 1939 ta kira babban taron farko na masu jin Sifaniyanci a Los Angeles don neman haƙƙinsu. Abin da ba ta da shi shi ne takardar zama 'yar ƙasa, kuma ta nan aka kama ta. Hukumar shige da fice ta taso ta a gaba, aka yi mata tayin a bar ta idan za ta ba da shaida a kan wani shugaban ma'aikatan tashar jiragen ruwa, Harry Bridges, ta ƙi. A 1950 ta fice daga ƙasar, ba ta sake zama a cikinta ba. Ki riƙe wannan, don tambayarki ta biyu tana nan ciki: tun farko korar baƙi makami ne a hannun mai neman karya yajin aiki.

Labarin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne na mahaƙar tutiya ta Empire Zinc a New Mexico. Maza suka shiga yajin aiki a watan Oktoban 1950, saboda ana biyan ɗan Meksiko ƙasa da Bature a rami ɗaya. A watan Yunin 1951 kotu ta hana mahaƙan tsayawa a bakin hanyar shiga. Aka taru ana jimami, sai matan suka lura takardar kotun ma'aikata ta ambata, ba ta ce komai game da matansu ba. Suka ce su za su tsaya. Mazan da yawa suka ƙi, wai abin kunya ne, amma da aka kaɗa ƙuri'a matan suka yi rinjaye. Washegari suka fito da 'ya'yansu suka tare hanya. Aka kwashe gommai daga cikinsu aka kulle har da yara, suka cika ofishin da waƙa da ihu har aka gaji aka sake su. Wata da watanni suna kan hanya, mazan suna gida suna wanki da faskare da dafa ruwa. A nan ne mazan suka gane abin da matan suka daɗe suna faɗa, cewa gidajen Turawa na kamfanin suna da ruwan zafi a famfo, nasu babu. Kafin nan ba su ɗauke shi wata babbar buƙata ba. Yajin ya ƙare a Janairun 1952 bayan wata 15, kuma daga baya aka ja musu ruwan.

Sai Dolores Huerta, wadda ita ce uwar tafiyar. An haife ta a 1930 a wani garin haƙar kwal a New Mexico, ta girma a Stockton ta Kalifoniya wajen mahaifiyarta, wadda ke da otal tana sauƙaƙa wa leburori kuɗin ɗaki, wani lokaci ma ta yafe. Dolores ta fara da koyarwa, ta bari, don ta ga yaran suna zuwa aji da yunwa ba takalmi, ta ce gara ta je ta haɗa kan iyayensu. A wajen wani mutum mai suna Fred Ross ta koyi dabarar da har yau ake amfani da ita: ba a kiran babban taro da farko. Mutum shida ko takwas za a tara a falon wani, a sha shayi, kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sannan a roƙi ɗaya daga cikinsu ya tara wasu a nasa gidan mako mai zuwa. Aiki ne na haƙuri da sanin mutane, wanda ya san wa ke jin maganar wa shi ke cin nasara, kuma ai kin san a kowace unguwa mata ne ke riƙe da wannan ilimi.

A 1962 ita da Cesar Chavez suka kafa ƙungiyar leburan gona. Yajin aikin inabi na garin Delano na Kalifoniya a Satumban 1965 'yan Filifin ne suka fara shi ƙarƙashin Larry Itliong, ana yawan mantawa da wannan, sannan 'yan Meksiko suka mara musu baya bayan mako guda. Yajin kaɗai bai wadatar ba, don masu gonaki suna ɗebo wasu leburorin a motoci. Sai aka juya wajen mai saye. Dolores ta tafi New York ta riƙa bin coci-coci da ƙungiyoyi da ƙofofin kantuna tana roƙon kada a sayi inabi. Shekara biyar aka yi ana wannan gwagwarmaya tun daga fara yajin. A Yulin 1970 manyan masu gonakin Delano suka sa hannu: dala 1.80 a awa, da asusun magani, da ƙa'idoji kan feshin maganin ƙwari. Ita ce ke zama a teburin ciniki tun kwantiragin farko na 1966, ba lauya ba ce, amma masu gonakin sun fi tsoron zama da ita, har suka laƙaba mata suna mai ma'anar dodanniya. A 1975 Kalifoniya ta yi dokar da ta bai wa leburan gona 'yancin da aka hana su shekara 40 baya. A shekarar ne kuma aka haramta tilasta musu aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota. Wannan zai ba ki dariya tunda mu da ita muka tashi, amma manominmu yana miƙewa ya huta sanda ya so. Can kuwa mai sa ido ya fi son gajeriyar ne don daga nesa yana hango duk wanda ya ɗaga baya.

Taken da kike ji suna rerawa, "Sí, se puede", wato tabbas za a iya, ita ta fara furta shi a Arizona a 1972. Shekaru aka yi ana jingina shi ga Chavez. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bugun ma na gaske ta sha: a 1988 a San Francisco, tana da shekara 58, ɗan sanda ya lakaɗa mata kulki wajen zanga-zanga, haƙarƙarinta ya karye, sai da aka cire mata saifa. 'Ya'ya 11 ta haifa, kuma ita da kanta ba ta ɓoye cewa sun ɗanɗana rashinta a gida ba. Da Obama zai rataya mata lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2012, ya amsa a bainar jama'a cewa taken yaƙin neman zaɓensa nata ne ya ɗauka.

Kada ki ɗauka ƙungiyoyin ƙwadago sun so baƙi tun asali. Ba su so ba. Ita kanta ƙungiyar leburan gona a 1974 ta riƙa kai rahoton marasa takardu ga hukuma, don tana ganin da su ake karya mata yajin aiki. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, AFL-CIO, ta goyi bayan sashen dokar 1986 da ke hukunta mai ɗaukar mara takardu aiki, ko da yake dokar ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7. Abin da ya juya tunanin ya faru ne a Los Angeles. Reshen ma'aikatan otal na birnin mafi yawan mambobinsa masu jin Sifaniyanci ne, amma shugabannin suka ƙi yarda a fassara taro. Ki duba fa, kina biyan kuɗin ƙungiya duk wata, ana yanke hukunci a kanki da harshen da ba ki ji. Maria Elena Durazo, 'yar leburan gona da ta tashi tana bin amfanin gona daga wannan gari zuwa wancan, ta ja daga a kan wannan, ta karɓe shugabancin reshen a 1989. A Yunin 1990 kuma masu sharar dogayen gine-gine, yawancinsu daga El Salvador da Gwatamala da Meksiko, suka yi tattaki a Century City, 'yan sanda suka yi musu dukan kawo wuƙa a gaban kyamara, kuma cikin 'yan makonni kamfanin ya miƙa wuya. Daga nan manyan ƙwadago suka fara gane cewa mutanen da ake cewa tsoro ba zai bar su su shiga ƙungiya ba, su ne suka fi kowa tsayawa. A Fabrairun 2000 AFL-CIO ta sauya matsayi ta nemi a halatta zaman marasa takardu. A lokacin mataimakiyar shugabanta Linda Chavez-Thompson ce, wadda ta fara aikin gonar auduga a Teksas tana 'yar shekara 10.

Ƙofar siyasa kuwa abokan hamayya ne suka buɗe ta da hannunsu. A 1994 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudiri mai lamba 187, wanda zai hana 'ya'yan marasa takardu makarantar gwamnati da asibiti in ba na gaggawa ba. Gwamna Pete Wilson ya hau kansa ya ci zaɓe. Kotu ta dakatar da dokar, amma tsoron ya riga ya shiga. Mutanen da suka yi shekara ashirin da katin zama ba su damu da zama 'yan ƙasa ba suka yi layi, ƙungiyoyin ƙwadago suna cike musu fom, suna yi musu rajistar zaɓe. Bayan shekara biyu Loretta Sanchez ta kayar da wani daɗaɗɗen ɗan majalisa a Orange County da ƙuri'a 984. Hilda Solis, wadda mahaifinta wakilin ƙungiya ne a wata masana'antar batir, mahaifiyarta kuma 'yar Nikaragwa mai aikin haɗa kayan wasan yara, ta shiga majalisar wakilai a 2001, ta zama sakatariyar ƙwadago ta ƙasa a 2009. Durazo ta jagoranci ƙwadagon gundumar Los Angeles daga 2006 zuwa 2014, ta shiga majalisar dattawan jiha a 2018.

Na ga yadda injin nan ke aiki da idona a Las Vegas, ana saura 'yan makonni zaɓe. Ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen caca ta can, mai mambobi kusan 60,000, tana da tsarin da ma'aikaci zai ɗauki hutu daga aiki ya koma bin gidaje. Na bi wata uwa mai gyaran ɗakunan otal yini guda. Jar riga, hular rana, gorar ruwa da ta daskarar tun dare, da jerin sunaye a waya. Ƙofa ta farko ba kowa, ta biyu kare, ta uku wani dattijo ya ce siyasa ta ishe shi. Ba ta yi masa wa'azi ba, sai ta tambaye shi nawa aka ƙara masa kuɗin haya bana, suka yi minti goma a tsaye. Da na ce ƙafata ta gaji, ta yi dariya ta nuna mini cewa wadda ta saba ɗaga katifa a ɗaki sama da goma a yini ba ta ɗauki wannan a bakin aiki ba. Shugabar ƙungiyar daga 2012 zuwa 2022, Geoconda Argüello-Kline, ita ma da gyaran ɗaki ta fara bayan ta baro Nikaragwa. Catherine Cortez Masto, Latina ta farko a majalisar dattawan ƙasa, ta ci kujerar Nevada a 2016, ta kare ta a 2022 da ratar da ba ta kai ƙuri'a 8,000 ba. Ki lissafa da kanki.

A fagen haƙƙin baƙi abin ya fi ɗaci, don nasarar ba ta cika ba. A 2006 miliyoyi suka fito tituna kan wani ƙudiri da zai mai da zama ba takardu babban laifi, ƙudirin ya mutu. Amma a shekarar Elvira Arellano, mai sharar jirage a Chicago, ta fake a coci da ɗanta ɗan ƙasa, ta yi shekara guda ba ta fito ba, da ta fito a Agustan 2007 aka tasa ƙeyarta Meksiko. A 2010 Gaby Pacheco da abokanta uku suka taka daga Miami zuwa Washington, kusan mil 1,500, suna faɗa a fili cewa yawancinsu ba su da takardu. Matsin irin nasu ya sa Obama ya fito da shirin DACA a Yunin 2012 don waɗanda aka shigo da su suna yara. Izinin aiki ne na wucin gadi da ake sabuntawa duk shekara biyu, ba hanyar zama ɗan ƙasa ba, kuma tun 1986 majalisa ba ta sake yin babbar dokar halattawa ba.

Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Latina ta farko a majalisar ƙasa, Ileana Ros-Lehtinen a 1989, haifaffiyar Kyuba ce 'yar jam'iyyar Republican. Gwamna ta farko, Susana Martinez ta New Mexico a 2010, ita ma haka, kuma ta yi ta faɗa a daina ba marasa takardu lasisin tuƙi. A 2025 Trump ya naɗa Lori Chavez-DeRemer sakatariyar ƙwadago. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, ba zan ɓoye miki ba. A 2022 aka fallasa wata murya da aka naɗa a ofishin ƙwadagon Los Angeles, inda shugabar majalisar birnin, Nury Martinez, ke yi wa wani yaro baƙar fata da 'yan asalin jihar Oaxaca ta Meksiko kalaman wulaƙanci. Ta yi murabus cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sha wariya bai tsira daga yin ta ba, don haka ki shiga da ido buɗe.

Tambayarki ta biyu. Kotun ƙoli ta tabbatar tun 1984 cewa mara takardu ma'aikaci ne a idon dokar 1935, yana iya shiga ƙungiya, kuma laifi ne mai kamfani ya kira hukumar shige da fice don ramuwa. Amma a 2002 kotun ta ce idan aka kore shi saboda ƙungiya, ba za a biya shi albashin watannin da ya zauna ba aiki ba. Wato haƙƙin yana nan, haƙoransa ne aka rage. Ladan awoyin da kika riga kika yi kuwa naki ne, da takardu ko babu. Ki lura kuma da wanda ya ɗauke ki: idan kamfani ne ke tura ki gidajen, kina cikin dokar. Idan iyalin ne suka ɗauke ki kai tsaye, kin faɗa cikin ramin 1935 ɗin nan. Cikin abin da ya rage miki akwai dokar jihar New York ta 2010, ta farko irinta a ƙasar, wadda ta tanadi ƙarin kuɗi bayan awa 40 a mako, ko 44 ga mai kwana a gidan, da hutun yini ɗaya duk mako, da kwana uku na hutu da albashi bayan shekara. Matan Karibiyan da na Latina da na Afirka ne suka yi shekaru suna hawa bas zuwa Albany, babban birnin jihar, kafin a sa mata hannu.

Wadda takardunta ke da matsala, kafin ta sa hannu a komai ko ta tsaya gaban kyamara, ta fara ganin lauyan shige da fice, ƙungiyoyi da yawa suna haɗa mambobinsu da su kyauta, kuma ta guji masu shagunan cike fom da ke kiran kansu lauyoyi. Ta riƙa rubuta awoyinta a ɗan littafi kullum, da ranar da adireshin. Ke kuma a taro na gaba, ki ƙirga 'yan'uwanmu nawa ne a zauren, na Kumasi da Accra da Yamai da Kano, da masu Faransanci da Fulatanci, ki ɗaga hannu ki nemi a kawo muku tafinta.